Mai Magana da Mai Kasa Kunne a Gajeren Zango

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da asuba ko da dare yana neman sashen Hausa na BBC a wajen mita 41 ya san cewa kafin allura ta kai tashar akan ratsa wani wuri mai ƙananan ƙararraki, wani kamar kukan tsuntsu a gutsuttsure, wani kamar mutum yana magana da bakinsa a cikin tulu. Mutane ne a ɗakunansu, a Italiya ko Rasha ko Afirka ta Kudu, kowa da ƙaramar na'urar aikewa da wayar eriya a kan rufi, suna hira da juna. Su ne masu rediyon sha'awa, waɗanda Turawa ke wa laƙabi da "ham". Hukuma ta yi musu jarrabawa, ta ba su lasisi da lambar kira wadda farkonta ke nuna ƙasa: 5N na Najeriya ne, 5U na Nijar, 9G na Gana. Doka ta hana su neman kuɗi da wannan aiki, ta kuma hana su watsa shiri ga jama'a kamar gidan rediyo. A gefensu akwai wani rukunin da ba ya aika komai, wato masu sauraron gajeren zango, waɗanda ke raba dare suna farautar tasha mai nisa, su rubuta lokaci da zango da ƙarfin muryar a littafi.

Da yawa daga masu lasisi suna kallon mai sauraro kamar almajirin da bai yi sauka ba, wanda ake jira ya ci jarrabawa kafin a sa shi a sahu. A ganina wannan fahimtar ta juya al'amarin a baibai, kuma tarihin sana'ar ne ke ƙaryata ta. A shekarar 1912 Amurka ta yi dokar da ta kori masu sha'awa daga dogayen zanguna, ta tura su mita 200 zuwa ƙasa, wurin da masana na lokacin ke ganin ba ya kai murya ko'ina. A watan Disamba na 1921 ƙungiyarsu ta ARRL ta tura wani injiniya, Paul Godley, zuwa Ardrossan a gaɓar tekun Sikotland. Na'urar karɓa kawai ya ɗauko. Ya kafa tanti cikin sanyi da ruwan sama, ya sa abin sauraro a kunne, ya jiyo tashoshin masu sha'awa fiye da 20 daga wancan tsallaken tekun Atlantika. Sai bayan shekara biyu, a Nuwamba na 1923, aka yi magana ta kai-da-komo tsakanin Léon Deloy a birnin Nis na Faransa da Fred Schnell a jihar Konetikat. Da gwamnatoci da kamfanoni suka ga abin da zangon da aka raina ke iya yi, sai suka yi ca a kansa. BBC ta buɗe shirinta na ƙasashen waje a 1932, sashen Hausa ya biyo baya a 1957. Hanyar da labarin duniya ke bi ya isa shagon tela a Kano ko Damagaram masu sha'awa ne suka share ta, kuma shaidar farko a kunnen mai sauraro aka samo ta.

Dalilin da ya sa haka na cikin halittar gajeren zango. Muryar ba ta bin ƙasa ta yi nisa. Sama take tashi, ta daki wani rufin iska mai ɗauke da lantarki da hasken rana ke haifarwa a can ƙololuwa, sannan ta faɗo a wani wuri mai nisan dubban kilomita. Wannan rufin yana sauyawa tsakanin dare da rana, tsakanin damina da rani, yana kuma bin zagayen rana na kusan shekara 11. Saboda haka mai aikewa bai san inda muryarsa ta sauka ba. Tana iya tsallake garin da ke kusa da shi ta faɗa wata nahiya, kuma ba abin da zai gani a na'urarsa ya gaya masa. Sai wanda ya ji ya faɗa. Daga nan al'adar rahoton sauraro ta samo asali, har aka tsara ma'aunin SINPO mai auna abubuwa biyar daga 1 zuwa 5: ƙarfin murya, kutsen wata tasha, hayaniyar iska, dusashewa da dawowa, da ingancin ji gaba ɗaya. Wanda aka aika wa rahoton, gidan rediyo ne ko mai sha'awa, yakan mayar da katin shaida da ake kira QSL. Manyan tashoshi sun daɗe suna dogaro da irin waɗannan wasiƙu wajen zaɓar zangon da za su yi amfani da shi.

Lokacin da aka rufe bakin masu lasisi ma, kunnen ne ya yi aiki. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, Birtaniya ta hana masu sha'awa aikewa. Fiye da 1,000 daga cikinsu aka ɗauka a asirce su zauna a gidajensu suna sauraron saƙonnin tangaraho na salon Mos na leƙen asirin Jamus, suna rubutawa, ana kai wa masu kwance lambobin sirri a Bletchley Park.

Mai lasisi yana da hujjarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Shi ya yi karatun lantarki, ya ci jarrabawa, ya kashe kuɗi, kuma ranar da girgizar ƙasa ko ambaliya ta katse waya shi ne ke iya kiran agaji, mai sauraro kuwa sai dai ya ji. Wannan gaskiya ne, ba kuma wanda ya ce aikin biyu ɗaya ne. Sai dai ƙa'idar farko da ake koya wa sabon mai lasisi ita ce ya saurara kafin ya danna maɓallin magana, kuma mafi ɓarna a zangon gaggawa shi ne wanda bai koyi yin shiru ba. Akwai kuma ƙorafin cewa rahoton mai sauraro nauyi ne, kati da kuɗin gidan waya ba tare da an yi hira ba. Rahoton da ya ce "na ji ka" kawai, lallai ba ya da amfani. Amma wanda ya kawo lokaci da zango da lambar wanda ake hira da shi, musamman daga yankin da masu lasisi ke da ƙaranci kamar Afirka ta Yamma, ya ba mai aikewa labarin da ba zai samu a wani wuri ba. Saɓanin da ya fi tsanani ma a kan rabon zango yake: shekaru da yawa manyan tashoshi na danne ƙananan muryoyi a wajen mita 40, har taron ƙungiyar sadarwa ta duniya na 2003 ya yanke cewa daga Maris na 2009 tashoshin su tashi daga kilohaz 7,100 zuwa 7,200 su bar wa masu sha'awa. Wannan rigima tsakanin masu aikewa ce, manya da ƙanana, kuma mai sauraro ya ci ribar rabuwar domin yanzu yana jin kowane ɓangare da kyau.

Wasu na cewa intanet ta gama da maganar. Gaskiya ne tashoshi sun yi ta rufewa: tashar Kanada ta ƙasashen waje ta daina watsawa a gajeren zango a 2012, ta Ostareliya a 2017. Amma da yaƙi ya tashi a Yukren a 2022, gajeren zango BBC ta koma don isa ga mutanen can. Intanet ɗin kuma ƙara wa mai karɓa daraja ta yi. Tun 2008 Jami'ar Twente a Holan ta ɗora na'urar karɓa a intanet, kowa na iya murɗa ta daga wayarsa. Tsarin WSPR da Joe Taylor, masanin da ya ci kyautar Nobel a 1993, ya ƙirƙiro yana aika sigina mai rauni ƙwarai, na'urorin karɓa a faɗin duniya su kai rahoto kai tsaye kan taswira, kuma ba a tambayar mai irin wannan na'urar lasisi.

A ƙasar Hausa, inda aka shafe shekara fiye da 60 ana rayuwa da gajeren zango, abin da ya raba mai sauraro da masu sha'awa ƙaramin abu ne na na'ura. Yawancinsu suna magana ne da wani salon aikewa da ake kira SSB, wanda akwatin kasuwa na yau da kullum ba ya iya warwarewa, shi ya sa muryar ke fita kamar daga tulu. Akwatin da ke da maɓallin SSB, da wayar tagulla ta 'yan mitoci a rataye a bishiya, sun isa a ji su sarai: da dare tsakanin kilohaz 7,000 da 7,200, da rana kuwa tsakanin 14,000 da 14,350.