Daga Kurmi Zuwa 'Yan Katako: Yadda Ƙaton Loko Ke Zama Falanki

Gungumen loko mai faɗin mita ɗaya da rabi daga gefe zuwa gefe, wanda aka datse a tsawon ƙafa 12, yakan yi nauyin tan shida da ɗoriya idan yana ɗanye. A lissafin takarda, akwai falanki 228 a cikinsa, irin mai kaurin inci ɗaya da faɗin inci 12 da kafintoci suka saba saye. Amma babu mai zarton da ya taɓa fitar da wannan adadi. Masana'anta mai injin kirki takan samu wajen rabinsa, mai yanka da zarton sarƙa a cikin daji kuwa da ƙyar yake haura 70. Sauran ya tafi a ɓawo, da ɓarin gefe, da garin katako. Itacen da ya shafe sama da shekara 100 yana girma, cikin 'yan sa'o'i ake yanke yawan amfanin da za a samu daga gare shi, kuma abubuwa uku ne ke yanke hukuncin: kaurin bakin zarto, da fuskar da aka bi wajen tsagawa, da yadda aka shanya.

Loko itacen kurmi ne. Yarabawa na ce masa iroko, sunan da ya bi shi har kasuwannin Turai. A ƙasar Ibo oji ne, a Ghana odum, a gabashin Afirka mvule. Yakan kai mita 50 a tsaye, kuma sau da yawa sai gangar jikinsa ta miƙe santal mita 20 kafin reshe na farko ya fito, abin da ke sa masu katako haɗiyar yawu. Zuciyarsa ba ta jin tsoron gara ko ruwa, shi ya sa ake neman sa don ƙofofi, tagogi, daɓen katako da jiragen ruwa. Idan an tsaga shi sabo, rawaya ne, sai iska da haske su mayar da shi ruwan ƙasa mai duhu. A al'adar Yarabawa ana ganin akwai iska a cikinsa, don haka a da ba a kusantar tsohon loko da gatari sai an yi wasu tsare-tsare.

Aiki yana farawa tun itacen na tsaye. Gogaggen masari yakan zagaya shi yana bugun gindin da ƙeyar gatari, yana saurare, domin tsofaffin itatuwa da yawa rami ne a cikinsu, kuma amon ne ke tona asiri. Sai ya dubi inda itacen ya karkata, da inda rassa suka fi nauyi, a sassare igiyoyin kurmi da suka sarƙe shi da maƙwabtansa, a share hanyar gudu. Daga nan a cire wani yanki kamar baki a gefen da ake so ya faɗi, a zagaya baya a yanka, a bar wata 'yar tazara tsakanin yankan biyu wadda za ta riƙe itacen ta juya shi yayin da yake rusunawa. Idan aka kuskure, gangar na iya tsagewa tun daga gindi, a yi asarar mafi tsadar sashenta, ko ta ja wasu itatuwa su faɗo a kan ma'aikata. Wasu itatuwan, irin su obeche da sapele, suna da manyan fukafukai a gindi, waɗanda kafin zuwan inji sai an kafa dakali na sanduna a sare su daga sama.

Da ya faɗi, sai a datsa shi gunduwa-gunduwa. A inda ake bin ƙa'ida, jami'in gandun daji yakan buga wa kowane gungume hatimi da guduma don nuna an biya haƙƙin gwamnati. Ana kuma shafe bakin gungumen da fenti ko kakin zuma, saboda ruwa ya fi saurin fita ta nan, kuma da ya bushe kafin sauran jiki sai ya fara dararrashewa.

A nan ne hanya ta rabu biyu: ko a kai gungumen wurin zarto, ko a kawo zarto wurin gungumen.

Hanya ta farko ita ce ta gina garin Sapele a Jihar Delta. A bakin kogin Ethiope ne kamfanin UAC ya kafa masana'antar African Timber and Plywood, wadda a zamaninta take cikin mafiya girma a Afirka, kuma itacen sapele da ake yin kujeru da gita da shi a duniya daga sunan garin ya samo nasa. Ta ruwa ake kawo gumagumai, a ɗaure su jeri-jeri ana jan su, a haɗa masu nauyi da marasa nauyi don kada su nutse. Duk wanda ya bi ta gadar Third Mainland a Legas a shekarun baya ya ga irin wannan jeri a gaban Okobaba, unguwar masu zarto ta Ebute Metta, da hayaƙin garin katako yana tashi.

A yawancin ƙananan masana'antun kudancin Najeriya, injin da aka fi gani shi ne wanda ake kira CD, ƙirar Faransa. Zartonsa wata doguwar ɗamarar ƙarfe ce mai haƙora, tana zagaye ƙafafu biyu a kwance. Gungumen na zaune wuri ɗaya, a tura injin a kan layin dogo ya ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan, a sauke shi ƙasa kaɗan, a sake turawa. Yankan farko na cire gefe ne don a samu shimfiɗaɗɗiyar fuska. Sai a juya gungumen da sarƙa da ƙugiya, a yi masa haka ta sauran ɓangarori, ya zama mai kusurwa huɗu, sannan a shiga fitar da falanki. Idan gungumen ya fi ƙarfin bakin injin, sai an fara raba shi biyu ko huɗu da zarton sarƙa.

Loko yana da wata mugunta da masu zarto suka sani. Idan ya ji rauni yana tsaye, yakan tara wani farin abu mai tauri irin sinadarin farar ƙasa a cikin jikinsa, wanda ma'aikata ke kira dutse. Ba a ganin sa daga waje. Zarto na cin karo da shi sai haƙora su dakushe nan take, yanka ya fara kwane-kwane. Saboda haka kowace masana'anta ke riƙe mai gyaran zarto na musamman, mai wasa haƙora, ya daidaita buɗewarsu, ya yi walda inda ya tsage. Manyan kamfanoni sukan ɗora wa haƙoran wani ƙarfe mai tauri da ake kira Stellite. Ƙurar loko kuma tana sa ƙaiƙayi da tari, har da ciwon asma ga wanda ya daɗe yana shaƙa ba takunkumi.

Hanya ta biyu ta fi sauƙin jari. Mutum ɗaya da zarton sarƙa, galibi STIHL 070 na Jamus, da yaran aiki biyu ko uku, da jarkar fetur, sun isa. Akan jiƙa igiya da baƙin mai, a miƙe ta a kan gungumen, a ɗaga a saki ta bar layi, mai injin ya bi layin da ido da ƙarfin damtse. A wurin da itacen ya faɗi ake gama komai, sannan 'yan dako su ɗauko falankin a ka zuwa inda mota za ta iya shiga. Ɗanyen falankin loko mai kaurin inci biyu da faɗin inci 12 da tsawon ƙafa 12 ya haura kilo 50, kuma wani lokaci tafiyar kilomita da dama ce cikin laka.

Illar tana bakin zarton. Sarƙa takan cinye kusan milimita 10 a kowane yanka, ɗamarar injin masana'anta kuwa wajen milimita uku. Wanda ke fitar da falanki mai milimita 25 da sarƙa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na itacen ya zama gari tun kafin a yi maganar gefe. Ga shi yankan hannu ba ya miƙewa daidai, sai kafinta ya sake kankare wani kason kafin ya samu fuska mai santsi. Manyan rassa da duk gunduwar da ta yi wuyar juyawa a daji ake barin su.

Ghana ta haramta yanka katako da zarton sarƙa don sayarwa tun 1998. Duk da haka, binciken da aka yi bayan fiye da shekara goma da dokar ya nuna kimanin kashi 80 cikin 100 na katakon kasuwannin cikin gida ta wannan hanya yake fitowa. Dalilin a fili yake: manyan masana'antu sun fi son sayar wa ƙasashen waje, magini na gida kuma araha yake nema. A Kamaru ma cibiyar binciken dazuzzuka ta CIFOR ta gano cewa abin da ƙananan masu yanka ke fitarwa yana gogayya da na manyan kamfanoni, kuma wani kaso nasa yana haurawa arewa har Chadi. Akwai mafita ta tsakiya: injinan tafi-da-gidanka irin su Wood-Mizer na Amurka mai siririn zarto, da Lucas Mill na Ostireliya wanda ake harhaɗa shi a kan gungumen inda yake kwance, sai kuma ƙarfen saiti da ake ɗaura wa zarton sarƙa don yankan ya miƙe. Tsadarsu ce ke hana su yaɗuwa.

Fuskar da aka bi wajen tsagawa ita ma tana da nata hukunci. Mafi sauri shi ne a yi ta yanka daga sama har ƙasa ba tare da an juya gungumen ba. Ana samun falanki masu faɗi, asara kaɗan, amma irin wannan falanki yakan lanƙwashe kamar kwami idan ya bushe, domin itace ya fi tsukewa ta zagayen zobbansa fiye da ta tsakiya zuwa gefe, wani lokaci har kusan ninki biyu. Ɗaya hanyar ita ce a raba gungumen huɗu, a riƙa yanka kowane kaso ta yadda zarto zai nufi tsakiya. Aikin ya fi cin lokaci, falankin ya fi ƙanƙanta, amma yana zama a miƙe, kuma a itacen sapele wannan yankan ne ke fito da ratsin nan mai sheƙi da ake biya da tsada. Cibiyar gungumen kuwa kusan kullum tsagewa take yi, don haka akan keɓe ta. Haka farin sashen da ke bin bayan ɓawo: ko a jikin loko, wannan ɓangare abincin ƙwari ne, kuma duk falankin da aka ga farin gefe a jikinsa darajarsa ta ragu.

Saura shanya, wadda ta fi shafar mai saye a Arewa. Ƙa'ida ita ce a jera falanki a inuwa, sama da ƙasa, a sa siraran sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a danne saman da nauyi, a bar shi watanni. Masu hali suna amfani da ɗakin gashi mai sarrafa zafi da laima, su gama cikin makonni. Amma ɗan kasuwa da ya ci bashi ba ya jira, sai a loda ɗanyen katako a tirela. Ko wanda ya bushe sarai a Benin ko Akure yana riƙe da ruwa kusan kashi 15 cikin 100 ko fiye, saboda laimar kudu. Da ya iso kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Katako ta Jos, ko Katako ta Yamai, ya haɗu da hunturu, ruwan na iya sauka ƙasa da rabin haka. Wannan ne ke sa ƙofar da aka kafa da damina ta buɗe baki a watan Janairu, teburi ya tsage, ƙusar rufi ta yi sako-sako. Kafintocin da suka san aiki sukan sayi katako su jingine shi a rumfa ya sha iskar garin kafin su sa masa ma'auni.

Kafin kwano ya mamaye rufi, maginan ƙasar Hausa da azarar giginya suke aiki. Yau kusan kowane sabon gida yana buƙatar tubaitu da tubaifo, kuma kurmin da ke samar da su yana ja da baya. Jihar Kuros Riba, mai mafi yawan abin da ya rage na tsohon kurmin Najeriya, ta sa dokar dakatar da sare itace a 2008. Matsin ya hauro har dazuzzukan tsakiya da arewa: madobiya, wadda aka yi ta kwasa daga Taraba da Kogi zuwa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2017, kuma a taron yarjejeniyar da aka yi a Panama a 2022 aka ƙara maɗaci da kawo. Shi loko dasa shi gona guda yana da wuya, domin wani ƙaramin ƙwaro mai suna Phytolyma yana addabar tohonsa har ya tsumbure, sai an cakuɗa shi da wasu itatuwa yake samun sauƙi. A daji, jemagu ne manyan masu baza irinsa bayan sun sha 'ya'yan, kuma su ma farauta da sare itatuwan da suke kwana a kai suna rage su. Yawancin manyan gumagumai da ke shiga zarto a yau daga itatuwan da suka tsiro da kansu ne, tun kafin a kafa masana'antar Sapele.