Aikin Kantunan Magani Ga Masu Hawan Jini Da Ciwon Sukari A Yola

Mai hawan jini ko ciwon sukari a Jimeta da Yola ya fi ganin mai kantin magani a kan likita. Asibitin Ƙwararru na Yola da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama suna sa wa majinyaci ranar dawowa, amma a tsakanin wannan rana da waccan, kantin unguwa shi ne wurin zuwansa. Waɗannan cututtuka kuwa na zama ne, ana shan maganinsu har iyakar rai.

Saboda haka ne masana harhaɗa magunguna suke neman a faɗaɗa aikinsu ya wuce miƙa ƙwaya da karɓar kuɗi, watau su riƙa auna jini da sukari, su rubuta sakamakon a kati, wanda awonsa ya riƙa kai 140 bisa 90 su tura shi asibiti. Hawan jini ba ya faɗa wa mai shi, sau da yawa sai shanyewar ɓarin jiki ta bayyana shi. Mutum kan ji sauƙi ya ajiye magani, ko kuwa tsada ta sa shi ya raba ƙwaya biyu, musamman tun da farashi ya haura a shekarar 2023. Mai kantin da ya san fuskar majinyaci shi zai fara lura cewa wata ya wuce bai zo ba. Ga kuma allurar insulin, wadda zafin Yola na watan Maris da Afrilu yake lalatawa in ba a ajiye ta cikin sanyi ba.

A Ingila, tun daga shekarar 2021 gwamnati take biyan kantunan magani domin su auna jinin masu shekara 40 zuwa sama. A nan kuwa babu irin wannan tsari, ga shi yawancin abin da jama'a suke kira kemis na masu lasisin sayar da ƙananan magunguna ne, ba na masu digirin aikin ba. Dokar Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya ta 2022 ta sa duka biyun ƙarƙashin majalisar, amma ba ta ba mai kemis ikon canza wa majinyaci maganin da likita ya rubuta ba.