Fankar Banɗaki Mai Sanin Lokacin Wanka

A gidajenmu na gargajiya makewayi ba shi da rufi, tururin wanka sama yake tashi ya bi iska. A Ingila kuwa, inda nake zaune, banɗaki ɗan ƙuƙumi ne a tsakiyar gida, sau da yawa ko taga babu. Ka watsa ruwan zafi cikin sanyin Janairu, tururi ya daki bango mai sanyi ya koma ruwa, kafin ka ankara fumfuna ta yi baƙi ƙirin a kusurwar silin. Abin ba na wasa ba ne. A 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale, bincike kuma ya tabbatar fumfunar gidansu ce ta illata numfashinsa.

Ƙa'idar gini ta ƙasar ta ce fankar banɗaki ta riƙa zuƙe aƙalla lita 15 ta iska a kowace daƙiƙa, in kuma babu taga, ta ƙara minti 15 tana juyawa bayan an fita. To, wa zai kunna ta? Yara dai ba sa tunawa.

Yawancin masu gida haɗa ta suke yi da makunnin fitila. Dabarar ba ta da tsada, amma ba ta bambance mai wanka da mai wanke hannu. Ka tashi alwalar asuba, ka kunna fitila, fanka ta kama ruri har ta tayar da jariri a ɗakin da ke kusa.

Akwai kuma fanka mai ma'aunin danshi a cikinta. Ana saita ta, a ce danshi kashi 70 cikin ɗari, da ya haura ta tashi. Sai dai a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, iskar gari kanta takan wuce wannan adadi, fankar ta kwana tana jan iska mai laima daga waje tana fitar da irinta. Masu wayon cikinsu ba adadin suke kallo ba, saurin hauhawarsa suke lura da shi, domin in ba wanka ba babu abin da ke cika ɗaki da danshi cikin minti biyu.

Ni dai na fi yarda da wadda ke sauraron shawar kanta. Ana maƙala ɗan ma'aunin zafi a jikin bututun ruwan zafi, da bututun ya ɗumama fanka ta tashi, tun tururi bai taru ba. In shawar mai dafa ruwa da lantarki ce, abin ya fi sauƙi, domin tana jan kilowat 8 zuwa 10, na'urar auna wuta da aka ɗaura wa wayarta ba ta kuskuren gane ta. Amma irinmu da har yanzu mukan dafa ruwa a buta mu sirka a bokiti, bututu bai san mun yi wanka ba. Mu sai ma'aunin danshi.

Kowace aka zaɓa, a kira ƙwararren mai aikin wuta, kuma kusa da shawa an fi son fanka mai bolt 12. A bar tazarar santimita ɗaya a ƙasan ƙofa don sabuwar iska ta shigo. Bututun fankar kuma ya huda bango ya fita waje, domin in aka sake shi cikin rufi, katakon sama ne zai riƙa shan tururin har ya ruɓe.