Daga Daura Zuwa Katsina: Abin da Tukunyarki Ta Haɗa da Tsofaffin Garuruwanmu

Yau ki ɗan ajiye tankaɗen nan ki gyara zama, don yawo za mu tafi, ba tare da kin taka ko da zaure ba.

Na san da yawa daga cikinmu ba mu cika fita ba sai da dalili: biki, ko suna, ko gaisuwa, ko ganin gida idan maigida ya yi izini. To amma in fitar ta zo, me muke gani a hanya? Galibi sai mu shiga mota, hira ta ɗauke mu ko barci, har a iso ba mu san garuruwan da muka ratsa ba. Ni ma haka nake, sai da wata tafiyar biki ta haɗa ni da goggona daga Kano zuwa Daura, muka zarce Katsina.

Mun wuce Ɗambatta, mun doshi Kazaure, sai na ji ta yi shiru tana leƙen taga. Can ta ce, "Ke 'yar nan, ina itatuwan suka tafi? Lokacin da aka kai ni aure ta hanyar nan, ɗorawa da kuka sai ido ya gaji da kallo." Na ce, "Goggo, ai zamani ne." Ta ce, "Zamanin zai ci miya kuwa?" Dariya na yi a lokacin. Sai da muka gama zagayen nan na gane abin da take nufi.

Bari mu fara da Daura. Kowacce a cikinmu ta ji labarin Bayajidda tun tana yarinya: baƙon da ya sauka cikin dare a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiya, ya je ya kashe shi, daga baya ya auri sarauniya Daurama. Daga zuriyarsa, in ji masu ba da tarihin baka, aka samu Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. To rijiyar nan, wato Kusugu, tana nan har yau a cikin garin. An kewaye ta da gini, baƙi na zuwa su gani, har a ja guga a ba su ruwan. Ki lura da abu guda: tushen labarin nan duka ruwan sha ne, kuma mata ne a tsakiyarsa, tsohuwa mai masauki da sarauniya mai gari.

Daga nan sai Katsina. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hasumiyar Gobarau, doguwar hasumiyar ƙasa mai tsawon kamar mita 15, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Akwai kuma ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Shi ma ginin ƙasa ne, yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. Ga kuma ƙofofin gari, irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri.

Yanzu uwargida, ga tambayata. Da me kakanninmu suke irin wannan gini har ya jure damina bayan damina? Da tubali ne na jar ƙasa, a yi rufi da azara, a bi bango da shafen makuba don kada ruwa ya cinye shi. Ita azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika damunta ba. Makuba kuwa daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta. Iyayenmu ma da ruwanta suke yayyafa wa daɓen ɗaki ya yi ƙarfi ya yi sheƙi.

To ɗorawar nan dai ita ce mai ba mu kalwa, kalwa kuma ita ce daddawa. Giginyar nan ita ce mai ba yara muruci. Kin ga ashe bishiyar da ta riƙe bangon fada ita ce ta riƙe tukunyar miyarki.

A gidan bikin nan na Daura tuwon dawa aka kawo mana da miyar kuka, ta ji daddawa, ga man shanu yana yawo a kai. Da rana aka dama fura da nono mai kauri, da safe kunun tsamiya. A Katsina kuma dambu aka yi mana da zogale da ƙuli-ƙuli. Da na zauna na lissafa, kusan babu abin da muka ci wanda bishiya ba ta da hannu a ciki. Kuka ganyen bishiya ce, ko ɗanwake sai da ita yake haɗuwa. Tsamiya bishiya ce. Hatta furar, ki tambayi manomi ya gaya miki yadda gero ke kyau a gindin gawo. Shi gawo Allah Ya yi shi daban da sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore shar, dabbobi su samu inuwa su ci 'ya'yansa. Saniya in ta ƙoshi ai nono ya samu.

Me ke cinye itatuwan? Jama'a sun ƙaru, gonaki sun faɗaɗa, fari ya yi ta zuwa, musamman na 1973 da na 1984 waɗanda manyanmu ba sa mantawa da su. Sai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye, wato itacen girki da gawayi. Ba laifi nake ɗora mana ba, don ba mai cin ɗanyen tuwo, kuma gas da kananzir ba kowa ke iya saye ba. Amma ɗorawar da ta yi shekaru da yawa kafin ta fara 'ya'ya, rana ɗaya gatari ke kayar da ita. In bishiya ta tafi, iska ta kwashe ƙasar sama, yashi ya matso, rijiya ta ƙara zurfi, daddawa ta yi tsada.

Kada ki ce abin ya fi ƙarfin talaka. Maƙwabtanmu na Nijar, a yankunan Maraɗi da Damagaram, tun cikin shekarun 1980 suka canza yadda suke sassabe. Maimakon su tumɓuke duk tohon da ya fito daga kututture a gona, sai su zaɓi masu ƙarfi su bar su, su riƙa yi musu aski har su zama bishiya. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a gonaki. Matan can sun samu sauƙin neman itace, don rassan da aka sassabe suna isa girki. Haka kuma a 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin kafa katangar itatuwa don tare hamada, kuma Katsina da Jigawa da Kano na cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa.

To ke da ke cikin gida fa, mene ne naki? Da yawa. Murhun duwatsu uku a fili yana watsar da wuta, in kika kewaye shi da laka kika bar ƙofa ɗaya, itace zai daɗe miki. Ki riƙa rufe tukunya, ki jiƙa wake tun dare, ki kashe ragowar itace da zarar kin sauke. Ki nemi maigida ya samo miki dashen zogale ko darbejiya ko mangwaro, ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka ya ishe su. Ki roƙe shi, in yana da gona, ya bar gawo da ɗorawar da suka toho. Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya dasa bishiya, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare ta, sadaka ce a gare shi.

In kuma Allah Ya kawo tafiya, a fara binciken lafiyar hanya, a yi ta da rana. Ki roƙi arziki a tsaya da yara ko na rabin sa'a su ga Kusugu ko Gobarau da idonsu. Wajen tsaraba ki sayi daddawa, kuka, tabarmar kaba ko faifai daga hannun matan garin, kuɗin ya shiga gidan 'yar'uwarki, ita ma ta ga amfanin barin bishiyar a tsaye. Ledar da kuka ci abinci a ciki kuma kada a jefar ta taga, akuyar wani ce za ta haɗiye.

Goggona da muka dawo, ƙwallayen ɗorawa ta ƙulle a bakin zane ta ba ƙanena ya kai gona. Na ce, "Goggo, yaushe za ki ci wannan?" Ta ce, "Wadda na ci, ni na shuka?"

A nan zan dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko da wasiƙa, ko ta ba yaro ya kawo. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya albarkaci zuriya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.