Tsohuwar Bindigar Gado: A Karanta Ta, Kada a Harba Ta

Duk wanda ya tashi daga Matamaye zai shiga Damagaram, in ya karya kwana a Takeita sai ya ratsa Tirmini. A nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojojin Faransa a watan Yulin 1899, shekara guda bayan kashe kyaftin ɗinsu Kazamaju a birnin Damagaram. Ba rashin bindiga ne ya kayar da Damagaram ba. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, masarautar ta yi suna da makamai: masu tarihi suna ambaton bindigogi kimanin 6,000, wasu fatake ne suka kawo daga Tarabulus ta Sahara, ga kuma igwa da albarushi da ake haɗawa a gida. Da wannan ƙarfi ne ƙasar Kance ta shiga hannun Damagaram. Sai dai akasarin bindigogin adaka ne, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Kafin mai adaka ya sake ɗuri, mai bindigar Bature ya yi harbi da yawa.

Hafsoshin Turawan kuwa, abin da suke ratayawa a ƙugu libarba ce, ƙaramar bindiga mai ganga mai juyawa. Gangar tana da ramuka, galibi shida, kowanne da harsashinsa. Duk harbi sai ta juya ta kawo rami na gaba daidai da bututu. Ba'amurke Samuel Colt ne ya yi mata rajista a 1836, daga nan maƙeran Turai suka shiga yin tasu. A Amurka da Faransa tara irin waɗannan sana'a ce mai kasuwa da littattafai. Mu nan, in aka ci karo da ɗaya a ƙasan adakar kaka ranar rabon gado, abu biyu ke faruwa: ko a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe su auna a kilo, ko wani saurayi ya ce sai ya ji ƙararta. Duka biyun asara ne.

Tsohuwar bindiga tana faɗar asalinta, kamar yadda dattawa ke gane garin mutum daga zanen fuskarsa. Ta hafsoshin Faransa samfurin 1892 ba ta da wuyar ganewa. A gefen jikinta an zana sunan masana'antar gwamnati, St Etienne, a saman bututu an rubuta Mle 1892, a gefensa kuma akwai harafin S da shekarar da aka ƙera ta. Harsashinta milimita 8 ne. Babbar alamarta ita ce gangarta ta hannun dama take buɗewa, alhali yawancin libarba ta hagu suke yi. Yayarta, samfurin 1873, ta fi kauri da nauyi, milimita 11 ce, ƙarfenta fari ne don ba a rina shi ba, kuma ɗaya bayan ɗaya ake zura mata harsashi ta wata ƴar ƙofa a gefe.

Da yake Matamaye na kan hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, kayan ƙasar Ingilishi ma ba baƙi ba ne a nan. Libarbarsu ita ce Webley, wadda sojan Ingila ya ɗauka a 1887, shekaru kafin cin Kano a 1903. Ita karyewa take yi a tsakiya: bututu ya sunkuya ƙasa, kwanson harsashi su tunkuɗo waje gaba ɗaya. Wadda ta taɓa zama ta gwamnati tana ɗauke da tambarin kan kibiya. Akwai kuma na ƴan kasuwa, masu araha, da aka riƙa ƙerawa a garin Liyej na Beljiyam. Su ana gane su da haruffa uku, ELG, cikin ɗan da'ira mai siffar ƙwai. In akwai kambi a saman da'irar, to daga 1893 zuwa sama aka gwada ta. Mutum zai buƙaci haske mai kyau da haƙuri, don tambarin bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Saboda waɗannan alamomi ne bai kamata a goge tsohuwar bindiga da yashi ko toka don ta yi ƙyalli ba. Mai gogewa yana ganin gyara yake yi, alhali shekararta da sunan garinta yake kankarewa. Tsumma mai laushi da ɗan mai sun wadatar, a ajiye ta inda danshin damina ba ya kaiwa.

Batun harbi shi ne ya fi tayar da hankali. Bindigogin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1880 don baƙin albarushi aka yi su. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda ƙarfinsa ya ninka na da, kuma irinsa ne a cikin harsashin yau. Harsashi na iya shiga rami daram, amma ƙarfen da ya shekara sama da ɗari, tsatsa ta ci shi ta ciki, ba lallai ya ɗauki wannan bugu ba. In ganga ta fashe, yatsu da idanun mai harbi ne a gaba. Haka in ganga ta saki, ba ta tsayawa daidai da bututu. Adaka ma tana da nata tarkon: ana iya samun ɗurin da mai ita ya yi kafin ya rasu yana nan a ciki, kuma baƙin albarushi in bai jiƙe ba yana tashi bayan shekaru masu yawa. Kai ta maƙera a sa a wuta don cire tsatsa ganganci ne. Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ba a aika masa goron gayyata. Ƴan bindigar fada da muke sha'awa a hawan salla sun san awon albarushinsu, gadonsu ne, ba gwaji suke yi ba.

Sannan ga doka. A Nijar riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma tsufanta ba ya wanke mai ita, balle a irin wannan lokaci na rashin tsaro a bakin iyaka. Tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Wanda ya tsinci irin wannan a kayan gado kada ya ɗauke ta ya fita da ita kan hanya. Ya sanar da mai gari ko jandarma, ya ɗauki hoton alamomin da wayarsa, ya zauna da tsofaffin gidan ya rubuta wanda ya mallake ta da yadda ta zo hannunsa. Sannan iyali su roƙi a miƙa ta gidan tarihi, na Damagaram ko na Bubu Hama da ke Yamai, tare da wannan takarda.