Fitila mai ƙifta ido: darasin farko na Arduino ga wanda ba shi da laftof

Duk wanda ya bi ta Kabara ko sauran unguwannin cikin birnin Kano a watan Maulidi ya san yadda lunguna suke ɗaukar ado da daddare. Igiyoyin fitilu a ƙofar gidaje da masallatai, wasu na gudu, wasu na kawowa suna ɗaukewa. Irin su ne a jikin Adaidaita Sahu, da allon mai POS, da shagon mai cajin waya. Yawancinmu kallo kawai muke yi mu wuce. Amma a cikin ɗan akwatin robar da ke jikin igiyar akwai wata 'yar aisi da ke ba fitilun umarni: kunna, jira, kashe, jira.

Wannan umarnin shi ne darasin farko da ake koya wa duk mai son sanin maikurokontirola, a Kano ne ko a Shenzhen. Sunan darasin Blink, wato ƙifta ido. Matsalar ita ce kusan duk bidiyon da za ka samu a YouTube an yi shi ne don wanda ke da laftof, da wutar da ba a ɗaukewa, da kantin intanet da zai kawo masa kaya har gida. Matashin da ke Kabara kuwa abin da ke hannunsa Android ce, da fawa bank, da kuɗin mota zuwa Sabon Gari. Da waɗannan ma ana iya yi.

Mene ne abin?

Maikurokontirola kwamfuta ce sukutum a cikin aisi guda ɗaya: ƙwaƙwalwa, ma'ajiya, da ƙafafuwan da take taɓa duniya da su. Ba ta da allo, ba ta da Android, ba ta buɗe WhatsApp. Shiri ɗaya ake loda mata, ta yi ta maimaita shi har a cire mata wuta. Tana cikin rimot ɗin talabijin, da inbata, da mitar KEDCO ta kati, da injin wanki.

A da sai injiniya ne yake iya sarrafa ta. Abin ya sauya a 2005, a garin Ivrea na ƙasar Italiya, inda Massimo Banzi da David Cuartielles da abokan aikinsu suka fito da Arduino don ɗaliban zane da ba su karanci lantarki ba. Sun ɗora ne a kan wani aiki mai suna Wiring na Hernando Barragán, ɗan ƙasar Kolombiya. Babban abin da suka yi shi ne sakin zanen allon a fili, kowa ya kwafa. Shi ya sa wanda za ka samu a kasuwa mai araha, ƙirar China, ba sata ba ne, kuma yana aiki.

Wanda aka fi koyo da shi shi ne Arduino Uno, da ya fito a 2010. Aisin da ke kansa ATmega328P ce: tana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, ma'ajiyar shirinta kilobayit 32, wurin aikinta kilobayit 2. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya fi ƙarfin ma'ajiyar nesa ba kusa ba. Duk da haka wannan 'yar mitsitsiyar tana iya kula da famfon gida shekara da shekaru ba ta yi hanging ba.

Kafin ka kashe ko naira ɗaya

Shawarata, kada ka fara da sayen kaya. Buɗe burauzar wayarka ka shiga shafin Wokwi. Allon Arduino ne na gwaji a kan allon waya: ka jawo fitila, ka haɗa waya, ka rubuta umarni, ka danna ya yi aiki. Idan ka haɗa ba daidai ba babu abin da zai ƙone. Akwai kuma Tinkercad na kamfanin Autodesk, sai dai ya fi daɗi a babban allo. Dukansu suna buƙatar data.

Ga shirin gaba ɗayansa:

void setup() {
  pinMode(13, OUTPUT);
}

void loop() {
  digitalWrite(13, HIGH);
  delay(1000);
  digitalWrite(13, LOW);
  delay(1000);
}

Kada Turancin ya firgita ka, kalmomin ba su kai goma ba. Sashen setup sau ɗaya ake yin sa, lokacin da wuta ta shigo: ana gaya wa aisin cewa ƙafa ta 13 ta fitar da wuta ce. Sashen loop kuwa shi ne wanda take ta zagayawa a kai. HIGH na nufin ta ɗora bolt 5 a kan ƙafar, LOW ta sauke zuwa sifili. Lambar 1000 daƙiƙa ɗaya ce, domin ana ƙirga daƙiƙa kashi dubu. An zaɓi ƙafa ta 13 ne saboda a kan Uno akwai 'yar fitila da aka riga aka lika a kanta, mai alamar L. Ke nan a gwajin farko ba ka ma buƙatar sayen fitila.

Sayayya

Idan ka tashi, kayan lantarki na gyara a kasuwar Sabon Gari aka fi samunsu, wajen masu sayar da sassan rediyo da talabijin. Kayan waya kuwa Farm Centre ko titin Beirut. Allon Arduino ɗin kansa ba kowane shago ne yake da shi ba, don haka ka tambayi ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero ko na jami'ar Wudil inda suke sayen kayan furojet, sun fi kowa sanin wanda ke da shi a wannan makon. Abin da kake nema: Uno ko Nano, allon gwaji mai ramuka, wayoyin haɗi, fitilun LED, rezisto mai om 220, da kan OTG da ya dace da wayarka.

A nan ne mutane da yawa suke karaya, kuma ba laifin ƙwaƙwalwarsu ba ne. Laifin igiya ne. Yawancin igiyoyin caja masu araha waya biyu kawai ke cikinsu, na wuta. Babu na data. Za ka jona allon ya kawo wuta lafiya lau, amma wayarka ba za ta gan shi ba, ka kwana kana zargin an sayar maka da lalatacce. Gwada igiyar tukuna: idan ba za ta iya tura hoto daga waya zuwa kwamfuta ba, ba za ta loda shiri ba.

Manhajar da ake amfani da ita a Android ita ce ArduinoDroid. Tana da nauyi a saukewar farko, don haka ka jira inda ka samu Wi-Fi ko datar dare. Bayan nan ka jona allon ta OTG, wayar ce za ta ba shi wuta. Wasu wayoyin, kamar Tecno da Infinix da yawa, sai ka shiga saiti ka kunna OTG da hannunka. Allunan China galibi suna amfani da aisi mai suna CH340 wajen magana da USB. A laftof mai Windows wani lokaci sai an saka mata direba. Idan Nano ka saya kuma lodin ya ƙi, ka nemi zaɓin Old Bootloader, sau da yawa shi ne maganin.

Akwai wani tarko kuma. Sabon allo yakan zo da shirin Blink a cikinsa tun daga masana'anta. Za ka danna lodi, ka ga fitila na ƙiftawa, ka yi murna, alhali shirinka bai shiga ba. Maida 1000 ɗin nan zuwa 200. Idan ƙiftawar ta yi sauri, to yanzu kai ne kake magana da aisin.

Rezisto ba ado ba ne

Sa'ad da ka zo haɗa taka fitilar a waje, ka lura ƙafafuwanta biyu ba tsawonsu ɗaya ba. Doguwar tana kallon ƙafa ta 13, gajeriyar tana zuwa GND. Idan ka juya ta ba za ta kama ba, amma ba ta lalace ba, sake juyawa kawai.

Abin da ke lalata kaya shi ne tsallake rezisto. LED ba kamar tsohon ƙwan fitila ba ce, ba ta san ƙoshi ba, duk wutar da aka ba ta sai ta zuƙe. Jar LED tana riƙe kusan bolt 2. Allon yana ba da 5. Ragowar 3 ɗin dole wani abu ya ɗauke su. Ka raba bolt 3 da om 220, za ka samu kusan miliyam 14, wanda ya yi wa fitilar daidai, ya kuma yi wa aisin daidai. Ƙafar ATmega328P miliyam 20 ake so ta ɗauka, 40 kuma shi ne iyakar da idan aka wuce ana iya rasa ta har abada. Za ka ga bidiyoyi da ake cusa LED kai tsaye tsakanin 13 da GND kuma ta kama. Ta kama ɗin, amma wahalar da aisin ake yi. Rezisto shi ne mafi arha a duk jakar kayanka, allon kuma shi ne mafi tsada. Launin mai om 220 ja, ja, ruwan ƙasa.

Masu fawa bank su ma su sani: Uno ba ya jan wuta sosai, har wasu fawa bank kan ɗauka babu abin da aka jona, su kashe kansu bayan ɗan lokaci. Ba allon ne ya mutu ba.

Inda darussan suke tsayawa, nan karatun yake farawa

Abin da ya fi ba ni haushi da yawancin darussan Blink shi ne da fitila ta ƙifta sai a ce an gama, a wuce na gaba. Alhali a cikin layukan nan tara akwai abubuwa biyu da suka fi ƙiftawar muhimmanci.

Na farko, ci gaba da rage lambar. Daga 200 zuwa 50, zuwa 10, zuwa 5. Za a kai inda idonka zai daina ganin ƙiftawar, sai ka ga fitilar a kunne amma haskenta ya ragu. Ba ta daina ɗaukewa ba, idon ne ya kasa bin ta. Yanzu sa lokacin kunnawa ya zama 1, na kashewa 9, hasken zai ƙara dusashewa. Wannan dabarar ita ce PWM, haruffan nan uku da kake gani a jikin kwantirolar sola mai araha. Da ita ake rage gudun fanka mai batir, da ita allon wayoyi da yawa yake rage haske. A kan Uno ƙafafu shida masu alamar ~ suna yin ta da kansu ta umarnin analogWrite, daga 0 zuwa 255. Wanda ya gane wannan da idonsa ya fara fahimtar kayan solar da suka cika Kano, ba haddar sunayensu kawai ba.

Na biyu, delay mugun hali ne. Yayin da aisin take jiran daƙiƙa ɗayan nan, ba ta duba komai a shirinka. Bugu miliyan 16 sun tafi a zaman banza. Ƙara maɓalli ka ce idan an danna fitila ta tsaya, za ka ga wani lokaci ka danna ba ta ji ba. A wasan fitila wannan ba komai ba ne. A na'urar da ke kula da tankin ruwa kuwa, kurumtar na iya zama ambaliya a tsakar gida. Maganin shi ne millis, agogon cikin aisin da ke ƙirga lokaci tun daga kunnawa: maimakon ta kwanta barci, sai ta riƙa duba agogo tana sauran aiki. Misalin yana cikin manhajar Arduino da sunan BlinkWithoutDelay. Ƙirgar takan cika ta koma sifili bayan kusan kwana 50, shi ya sa ake rubuta ta da ragi kamar yadda misalin ya nuna. A ganina wanda bai wuce wannan matakin ba bai gama darasin farko ba.

Sauran alluna

ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016, yana da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, don haka da shi za ka iya kunna fitilar daga wayarka kana zaure. Raspberry Pi Pico ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, kuma ana rubuta masa shiri da MicroPython, mai sauƙin karantawa. Dukansu da bolt 3.3 suke aiki, idan ka tura musu 5 a ƙafa kana iya ƙona su. Lambar ƙafar fitilarsu ma daban ce: a Pico na asali 25 ce, a allunan ESP32 da yawa 2. Ga mai farawa ni dai Uno na fi so, ya fi jure ganganci.

Wutar gida ba wurin gwaji ba ce

Kano ba baƙuwar masu ƙere-ƙere ba ce. A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero da ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da sassan tsofaffin motoci, ya zaga duniya. Don haka na san tunanin da zai zo maka da zarar fitilar ta yi maka biyayya: ƙafar da ta kunna LED ai za ta kunna injin borehol. Gaskiya ne, ta hanyar rile. A gidajen cikin birni da ake tara ruwa a tankin sama, na'urar da za ta kashe injin idan tanki ya cika abu ne da mutane za su biya kuɗi a kai, haka ma fitilar lungu ta sola mai kunna kanta da magariba.

Amma tsakanin LED da injin akwai tazara mai kisa. Bolt 5 ba ya ko jan hannu. Wutar gida bolt 230 ce. 'Yar rilen nan shuɗiya da ake sayarwa tare da Arduino an rubuta amfiya 10 a jikinta, sai dai injin ruwa a lokacin tashi yana jan ninkin abin da yake ja idan ya daidaita, kuma hakan kan narkar da bakin rilen ya manne, injin ya ƙi kashewa. Masu aikin wayarin kontakta suke sa wa inji, rilen kuma aikinta ta kunna kontaktar kawai. Allon gwaji mai ramuka bai dace da wutar gida ba ko na minti ɗaya, balle a ɗakin da yara ke shiga da fita.

Saboda haka ka gina dabarar gaba ɗaya a kan ƙaramar wuta. LED ta tsaya a matsayin injin, makunnin ruwa mai tasowa a cikin bokiti ya tsaya a matsayin tanki. Ka bar shi yana aiki kwana uku, ka riƙa cire masa wuta kana mayarwa kamar yadda ake yi mana, ka ga ko yana dawowa daidai. Ɓangaren 230 ɗin kuma ka kai wa ƙwararren mai wayarin na unguwarku, ku haɗa tare a cikin rufaffen akwati mai fiyus.