“Mun Ci Kofi”, “An Ce Ka Dawo Gobe”

Duk wanda ya ratsa Kusfa da daren Talata ko Laraba a lokacin gasar Zakarun Turai ba ya bukatar a gaya masa cewa an zura ƙwallo a raga. Ihun da zai tashi daga gidan kallo, har ya danne ƙarar janareto, shi zai ba shi labari. Haka abin yake a Kwarbai da Kaura da Babban Dodo, haka yake idan aka fita ta Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. Wasan da aka take da ƙarfe takwas na dare a Landan cikin hunturunsu, a nan ƙarfe tara ne, ba a tashi sai wajen sha ɗaya. Washegari kuma a ofis a ɗora daga inda aka tsaya.

Mutane da yawa sun yi rubutu suna kuka da wannan al’ada, cewa ƙwallon Turawa ta cinye lokacin ma’aikata, ta lalata tarbiyyar yara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman da caca ta shigo ta wayar hannu ta rakito matasa. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne wata ’yar kalma mai harafi biyu da nake ji a bakin masu muhawarar. Kalmar ita ce “mu”.

Mai karatu ya kasa kunne ya ji. Babban akawu, mai ’ya’ya a jami’a, zai gyara zama ya ce: “Jiya mun yi wasa mai kyau, alƙalin wasa ne ya cuce mu.” Wani ya ce: “Bana sai mun sayi mai tsaron baya, in ba haka ba mun shiga uku.” Su wa? Arsenal. Su wa? Chelsea ko Real Madrid. Mutumin nan bai taɓa taka Ingila ko Sifen ba, ba shi da ko sisin kwabo a kulob ɗin, masu kulob ɗin ba su san akwai wani gari wai shi Zariya ba. Duk da haka ya shigar da kansa cikinsu, cin su cinsa ne, faɗuwarsu kuwa tana hana shi cin tuwon dare.

To, yanzu ka miƙa wa wannan bawan Allah takardarka ka tambaye shi inda aka kwana. Nan take “mu” za ta ɓace. Sai ka ji: “An ce ka dawo gobe.” “Ba a sa hannu ba tukuna.” “Ana kan dubawa.” Wa ya ce? Wa bai sa hannu ba? Wa ke dubawa? Babu. Hausa tana da wannan wakilin suna na “an” da “aka” da “za a”, wanda wasu masana nahawu ke kira mutum na huɗu, domin ba mai magana ba ne, ba wanda ake yi wa magana ba ne, ba kuma wani sananne da ke gefe ba. Asalinsa abin ladabi ne. Da shi ake gaida manya, a ce “an tashi lafiya?”, da shi matar kirki ke sakaya sunan mai gida. Amma a ofisoshinmu ya zama ɗakin ɓuya. Idan kuwa abin ya ƙazanta, sai a ɗora laifin a kan takardar kanta: fayil ya ɓace, takarda ta salwanta, kamar dai suna da ƙafafu. In an matsa a fito da mai aikin, sai a koma “su”: sun ƙi sakin kuɗi, su dai suka sani.

Wato dai mutum yana cewa “mu” ga ƙungiyar da ke wata nahiya, yana cewa “su” ga wurin da yake cin abinci shekara ashirin. A ganina wannan ita ce ainihin matsalar, ba mintoci casa’in na wasa ba.

Kada a ce mini mutanenmu malalata ne ko ba su da kai. Wanda zai lissafa maka cewa Arsenal ta buga wasa 38 a kakar 2003 zuwa 2004 ba a doke ta ba, ya gaya maka shekarar da Nwankwo Kanu ya je can, 1999, da shekarar da Mikel Obi ya je Chelsea, 2006, ya kuma bayyana maka dokar satar gida dalla-dalla, ba za a ce ya kasa riƙe lambar fayil ba. Kuma dubi abin da suka yi wa harshen kansa. Babu wata hukuma da ta zauna ta tilasta wa jama’a, amma masu sharhi a rediyo da ’yan kallo sun samar da bugun kusurwa, da bugun tazara, da bugun daga kai sai mai tsaron gida, da jan kati, sun ɗauko kunnen doki da canjaras sun ba su sabon aiki. Mu da ke jami’a mun daɗe muna taron ƙirƙirar kalmomin kimiyya da na mulki, da yawansu suna nan kwance a cikin kundi ba wanda ya san da su. ’Yan ƙwallo kuwa nasu sun shiga bakin yaro da babba. Abin da mutum ya ɗauka nasa ne, ba ya rasa sunan da zai kira shi.

Me ƙwallo ke ba su da ofis ba ya ba su? Ina jin amsar ba ta da nisa. A ƙwallo komai a fili yake. Ana sanin wanda ya ci da wanda ya ɓarar, da sunansa da lambar rigarsa. Teburin gasa yana fita duk mako, ba ya duba ɗan wane. Ƙungiyoyi uku na ƙasan teburin Firimiya suna faɗawa ƙaramar gasa duk shekara, ko da kakansu ne ya kafa ta. Roberto Di Matteo ya ci wa Chelsea kofin Zakarun Turai a watan Mayun 2012, kafin ƙarshen Nuwamban shekarar an sallame shi. Claudio Ranieri ya ɗauki kofin Firimiya da Leicester a 2016, abin da ba wanda ya yi mafarki, a Fabrairun 2017 aka nuna masa ƙofa. Ba ina yabon wannan rashin kara ba ne. Amma ma’aikacin da ya ga haka da dare, da safe ya iske wanda ya zo ƙarfe takwas da wanda ya leƙo bayan azahar albashinsu ɗaya, ƙarin girmansu rana ɗaya, dole ya san inda zai ajiye zuciyarsa. Ga mafi ƙarancin albashi da aka mayar naira 70,000 a 2024, wanda kowa ya san inda yake tsayawa a kasuwa. Mu ma malaman jami’a ba mu fita ba: a 2022 wata takwas cur azuzuwa suna rufe, kuma a duk tsawon lokacin “su” kawai ake ji daga kowane ɓangare.

A watan Disambar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako ga yawancin ma’aikatanta, Litinin zuwa Alhamis, da hujjar ƙara ƙwazo da bai wa mutane lokacin iyali da noma. An yi ta gardama a kai. Ni dai ina ganin lissafin kwanaki da sa’o’i bai taɓa tushen ciwon ba. Ko kwana bakwai aka sa mutum, in wurin ba nasa ba ne a ransa, kujera kawai zai ɗumama.

Hujjata tana nan cikin Kusfa. Unguwar nan an san ta da malamai da karatun zaure tun kaka da kakanni. A zaure babu rajistar sa hannu, babu mai duba agogo, babu takardar tuhuma. Amma malam yana kan buzunsa bayan asuba, ɗalibi ya zo da littafinsa, kowa ya san inda karatunsa ya tsaya jiya, kuma kowa a zauren yana ji idan ya yi tuntuɓe. Ka tambayi ɗalibin, “zaurenmu” zai ce, “Malaminmu” zai ce. Tela da maɗinkin babbar riga a cikin birni su ma haka: aikinsu yana ɗauke da sunansu, in ɗinki ya karkace an san hannun da ya yi. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke zuwa zaure da asuba a kan lokaci, ya isa ofis ƙarfe goma.

Akwai wani abin takaici kuma. Wannan “mu” ɗin da muke kai wa Landan da Madrid, a da tana da gida a kusa. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1988. Tawagar da ta ciyo wa Nijeriya zinare a Atlanta a 1996 akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, duk ’yan Kaduna. Kano Pillars ta ɗauki gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma daga can Ahmed Musa ya tafi Turai a 2010. Kanawa, a yaba musu, har yanzu suna cika filin Sani Abacha suna cewa sai Masu Gida. Mu a nan yaro zai kawo maka sunan ’yan benci na Barcelona, amma bai san wace ƙungiya ke buga wasa a filin garinsu ba.

Shugabannin ma’aikatu da ke tunanin hana hirar ƙwallo a ofis, ko cire talabijin daga ɗakin jira, su sani ba za su ci riba ba. Hirar za ta koma gindin bishiya ne kawai. Da za su ji ta tawa, da sun ari abu ɗaya daga teburin gasa. A kafa allo a ƙofar kowane sashe, a rubuta takardun da suka shigo a mako, da waɗanda suka fita, da sunan wanda kowace take hannunsa da kwanakin da ta yi a teburinsa. Wanda ya yi fice a ambaci sunansa a gaban abokan aiki, a kuma tuna da shi ranar ƙarin girma. Alli da allo ne kawai kuɗin abin, kuma kowane sashe yana da mutum aƙalla ɗaya da ya riga ya ƙware wajen lissafin maki.